Amanar Yara Takwas

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma duk yaron da ya tafi neman ilmi a wata ƙasa, akwai wani babba da aka damƙa masa shi hannu da hannu, aka ce, "Ga amana." Shi wannan babban ba a cika jin labarinsa ba, gama in an dawo lafiya yaran ake tarewa da tambaya, in kuwa wani abu ya faru shi kaɗai ake nema. Ga labarin wani malamin makaranta da aka ɗora wa irin wannan kaya a shekarar 1957, da abin da ya same shi tun ƙafarsa ba ta bar ƙasar Nijeriya ba.

A cikin shekarar nan ne 'yan sikawut na duniya suka yi babban taronsu a Ingila. Dalilin taron biyu ne. Na fari, ƙungiyar ta cika shekara 50, gama a 1907 ne wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya kwashi yara wajen 20 ya kai su wani tsibiri, ya koya musu zaman daji da taimakon juna. Na biyu, an cika shekara 100 da haihuwar shi Baden-Powell ɗin, wanda aka haifa a 1857, ya rasu a ƙasar Kenya a 1941. Aka sa ranar taro daga 1 zuwa 12 ga watan Agusta, a wani makeken fili da ake kira Sutton Park, kusa da birnin Birmingham. Aka aika wa ƙasashe da goron gayyata, har da Nijeriya, wadda a lokacin saura shekara uku ta sami mulkin kai.

Cikin waɗanda za su tafi daga Jihar Arewa akwai yara takwas na makarantun sakandare, ƙaraminsu shekararsa 14, babbansu 17. Malamin da aka ce ya raka su matashi ne, bai fi shekara 28 ba, da matarsa da 'ya'ya biyu ƙanana. Labarin ƙasa yake koyarwa. Shekara shida ke nan yana tsayawa gaban taswira da sanda a hannu, yana nuna wa yara teku, yana gaya musu cewa ruwa ya rufe fiye da kashi biyu cikin uku na duniya, alhali shi kansa bai taɓa wuce Kaduna ba, kuma babban ruwan da ya taɓa gani shi ne kogin Kaduna da damina. Abin da ya sani game da Ingila a takarda ya karanta, musamman littafin da Malam Abubakar Imam ya rubuta bayan tafiyarsa can a 1943. Ran da hedimasta ya kira shi ofis ya gaya masa, ya yi godiya ya fito yana murna. Da dare ya yi ya kwanta, sai barci ya ƙi zuwa.

Shiri ya ci wata uku. Aka kai yara wurin mai hoto domin fasfo. Aka kai su babban asibiti, aka yi musu lamba saboda agana, aka yi musu allurar shawara, aka ba kowa takardar shaida mai hatimin likita. Likita ya ja kunnen Malam, ya ce ba a barin mutum ya shiga jirgi sai da wannan takarda, kuma allurar shawara ba a lissafa ta sai ta kwana goma a jiki, saboda haka wanda ya ɓatar da tasa a bakin tafiya ya ɓatar da tafiyar. Tela ya ɗinka musu kaki da ƙyallen wuya. Aka ce kowa ya zo da bargo biyu da suwaita, da babbar riga da hula domin nuna tufafin ƙasarsu. Har koya musu aka yi yadda ake cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, suka yi ta kokawa da nama a faranti suna dariya.

Ba wanda ya umarci Malam ya je gidajen yaran, amma ya ga bai kyautu ya ɗauki ɗan mutum zuwa bayan teku ba tare da ya durƙusa a zauren ubansa ba. Saboda haka da aka yi hutu ya bi su gida gida, wani wurin a jirgin ƙasa, wani wurin a bayan babbar mota. Tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne. Wane irin nama za a ba su? Za a bar su su yi salla? Ina alƙibla take a tsakiyar ruwa? Gaskiya ne sanyin can yana kashe mutum? Malam ya amsa gwargwadon saninsa. Ya ce an yi alkawari ba za a ba su abin da addini ya hana ba. Ya nuna musu kamfas, ya ce a nan gabas muke duba, a Ingila kuwa gabas maso kudu za su duba. Ya ce da bazarar Turawa za su isa, lokacin da rana take daɗewa ba ta faɗi ba.

A gida ɗaya ne kaɗai ba a yi masa tambaya ba, watau gidan babban yaron, wanda 'yan'uwansa suke kira Dogo. Baffansa ya karɓi Malam a zaure, ya sa hannu a takarda ba gardama. Malam ya tashi zai tafi ke nan, sai ga wata tsohuwa ta dogaro sanda ta fito daga cikin gida. Kakar yaron ce, ita ta rene shi. Malam ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Kai ne malamin?"

Ya ce, "Ni ne, Iya."

Ta kama hannun jikanta ta sa a cikin nasa, ta ce, "Ɗan nan, na ba ruwa ɗaya, bai mayar mini ba. Wannan kai na ba, ban ba ruwa ba."

Malam ya ce, "Na karɓa, Iya. Allah ya ba ni ikon riƙewa." A ransa ya ɗauka wani ɗanta ne ya taɓa nutsewa a rafi, irin abin da yakan faru da damina. Yana sauri kada mota ta bar shi, bai tsaya ya tambaya ba.

A shekarar nan Babbar Salla ta faɗo a farkon watan Yuli. Bayanta da 'yan kwanaki aka taru a tashar Zariya. Kowane yaro da akwatin ƙarfe da buta, da ƙunshin soyayyen naman layya da dambu da dakuwa, wanda ya isa guzurin mutum biyar. Iyaye maza suna ta cusa musu kuɗi a aljihu, wannan sule biyu, wancan sule biyar, gama a zamanin fam da sule da kwabo ake ciniki, naira ba ta fito ba sai 1973. Malam ya karɓe kuɗin duka ya rubuta na kowa a littafi. Ya tara fasfo takwas da takardun allura takwas, ya haɗa da nasa, ya sa a jakar fata. Da jirgi ya yi kuka, ƙaramin cikinsu, wanda suke kira Auta, ya fashe da kuka shi ma, ya riƙe rigar ubansa har sai da aka ɓamɓare hannunsa. Malam ya ce a ransa, "To, ga inda aikina yake." Dogo kuwa shi ne ya ɗora akwatuna, ya samar wa kowa wurin zama, ya ja waƙar sikawut har wagunu ya ɗauka. Malam ya gode wa Allah da ya haɗa shi da yaro mai zuciya irin wannan.

Daga Zariya zuwa Ikko ya fi mil 600, jirgin gawayi kuwa ba ya sauri, yana tsayawa shan ruwa, saboda haka sai da suka kwana a hanya. Malam ya raba yaran biyu biyu, ya ce kowa shi ne mai tsaron abokinsa, kuma ba mai sauka a tasha sai da izini. Duk inda jirgi ya tsaya sai ya ƙirga su, in zai tashi ya sake ƙirgawa. Ya ƙirga a Kaduna, ya ƙirga a Minna, ya ƙirga a Zungeru. Da dare ma yakan farka ya haska tocila a kan fuskokinsu. Kafin a kai rabin hanya yaran sun mai da abin wasa, da sun ga ya miƙe sai su fara da kansu, "Ɗaya, biyu, uku," har Auta ya ce, "Takwas, Malam!"

A Jabba suka haye kogin Kwara. Malam ya gaya musu cewa da fari a kan wani jirgin fito ake ɗora wagunan jirgin ƙasa a ƙetare da su, sai a zamanin Yaƙin Duniya na Farko aka gama gadar. Yara suka cika tagogi suna kallon ruwa da masunta. Dogo kaɗai ya zauna yana gyaran igiyar akwati, Malam kuwa bai kula ba, hankalinsa yana kan Auta, kada ya leƙa da yawa ya faɗa. Daga Ilori ƙasa ta fara sakewa. Kuka da ɗorawa suka ɓace, kwakwar manja ta tsaya a madadinsu. Suka wuce Offa da Oshogbo da Badun da Abekuta, cikin kurmi mai duhu da gonakin koko. Kusa da Agege wani bafatake da ke zaune tare da su ya nuna musu itacen goro, suka yi mamaki, gama tun suna ƙanana suke ganin goro a kasuwa, ba wanda ya taɓa ganin uwarsa. A tashar Iddo suka sauka. Malam ya gaji ƙwarai, ga kaya da yawa, sai ya miƙa wa Dogo jakar takardu ya ce, "Riƙe mini wannan, kai ne na fi amincewa da kai."

Aka sauke su a wata makaranta tare da sauran 'yan sikawut na Yamma da na Gabas. Saura kwana uku jirgi ya tashi. Kashegari da la'asar shugaban ayari ya sa aka kai su bakin teku, a wurin da ake kira Bar Beach, wanda daga baya aka cike shi da yashi aka yi gine-gine. Tun daga nesa suka fara jin ƙugi kamar hadari yana tasowa. Da suka hau tudun rairayi sai ga ruwa ya miƙe har inda sama ta sauko, ba gaɓa, ba itace, ba dutse. Igiyar ruwa tana tasowa ta fi tsawon mutum, ta faɗo ta farfashe, wata ta biyo ta. Auta ya tuɓe takalmi ya ruga, ya ɗebo ruwan ya ɗanɗana, ya tofar yana ihu, "Malam, gishiri ne, wallahi gishiri ne!" Malam ya yi murmushi, amma shi ya san yadda gwiwoyinsa suka yi. Ya ƙirga yara, takwas ne. Ya ga Dogo a tsaye can baya ya harɗe hannu, ya ɗauka gajiya ce.

Da safe ma'aikacin lafiya ya zo duba takardu. Malam ya buɗe jaka ya jera su a tebur. Fasfo tara suka cika. Takardun allura kuwa takwas ne, tasa da na yara bakwai. Ta Dogo babu. Ya zazzage jakar, ya duba aljihunsa, ya sa aka kwance akwatuna duka, aka kakkaɓe barguna. Ya koma Iddo da kansa ya tambaya ko an tsinci wata takarda, aka ce ba a gani ba. Ya roƙi ma'aikacin ko za a sake yi wa yaron allura. Mutumin ya ce ana iya yi, amma kwana goma ba ta zama kwana biyu, doka ce ta duniya, ba shi ya kafa ta ba. Shugaban ayari ya ce in ba a ga takarda ba kafin gobe da azahar, sai a mai da yaron gida.

Malam ya rasa inda zai sa kansa. Me zai gaya wa hedimasta? Me zai gaya wa hukumar da ta biya kuɗin jirgi? Akwai kuma yaran da suka so zuwa aka bar su, aka zaɓi wannan. Ya tafi ya ba Dogo haƙuri, yana tsammanin zai tarar da shi cikin kuka. Sai ya same shi zaune yana cin dambu, fuskarsa a sake, irin sakewar da bai gan shi da ita ba tun daga Jabba. Yaron ya ce, "Ba komai, Malam, haka Allah ya so." An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Nan take Malam ya tuna hannun da jakar ta kwana.

Zuciyarsa ta tafasa. Ya so ya tara yaran ya sa a caje Dogo a gabansu, gama ya wuni yana yawo cikin rana saboda takardar da ba ta ɓata ba. Amma ya tuna cewa in ya tona asirin yaron a gaban baƙi, ko an sami takardar an rasa yaron. Ya haɗiye fushinsa har aka yi sallar lisha. Da sauran suka kwanta ya ce, "Dogo, zo ka taya ni shan iska."

Suka zauna a barandar makaranta. Malam ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Zan gaya maka wata magana, kada ka gaya wa sauran. Jiya da muka tsaya a bakin ruwan nan ƙafafuna rawa suka yi. Shekara shida ina koyar da teku, ashe ban san ta ba. Da ba domin ku ba, da jiya na nemi jirgin Arewa."

Yaron ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ma?"

Ya ce, "Ni ma."

Daga nan bakin yaro ya buɗe. Ya ce yana da shekara huɗu ubansa ya ɗauki sanda ya tafi Hajji da ƙafa, yadda talakawa suke yi a zamanin. Ya bi ta Borno, ya shiga Chadi ta Far Lami, garin da ake kira Injamena tun 1973, ya wuce Abeshe ya faɗa Sudan. Yana tafiya yana tsayawa ƙodago, har ya yi aikin auduga a gonakin Jazira ya tara kuɗin fito. Bayan shekara uku wasiƙar ajami ta iso gida daga Suwakin, yana cewa ga shi a bakin Bahar Maliya, gobe ko jibi za su shiga jirgin katako su haye zuwa Jidda. Wannan ita ce wasiƙa ta ƙarshe. Alhazan da suka dawo aka yi ta tambayarsu, ba wanda ya gan shi a Makka. Ba a san ranar da ya mutu ba, ba a ga gawa ba, ba a yi masa salla ba. Yaron ya ce, "Malam, na ɗauka na manta. Da na ga ruwan nan jiya, sai na ga kamar shi ma haka ya tsaya ya duba."

Sai a lokacin Malam ya gane maganar tsohuwa. Ya tuna cewa a takardar yaron an rubuta uba ya rasu, shi kuwa ya karanta ya wuce. Tun daga Zariya yake ƙirga kawuna dare da rana, ga shi bai san abin da ke cikin kan da ya fi dogara da shi ba.

Ya zauna yana auna abin. In ya tilasta wa yaron, ya kai shi tsakiyar teku da wannan tsoro, mako biyu ba tudu, wa ya san abin da zai same shi? Tsohuwa ta ce shi ta ba, ba ta ba ruwa ba. In kuwa ya ƙyale shi ya koma, yaron zai rayu yana sane da cewa ya gudu, kuma ƙofar da ta buɗe masa ba lalle ta sake buɗewa ba. Duka biyun suna iya zama cin amana. Daga bisani ya ce, "Ba zan tilasta maka ba. Takarda kuwa ban tambaye ka inda take ba, ba kuma zan tambaye ka ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Gobe da asuba ka raka ni mu ga jirgin da idonmu, gani ya kori ji. In ka gani zuciyarka ba ta kwanta ba, zan kai ka wurin Sarkin Hausawa a haɗa ka da fataken goro masu komawa Arewa, in rubuta wa baffanka cewa ni na mayar da kai. Ba wanda zai ji abin da ya wuce wannan."

Da gari ya waye suka tafi Apapa. A zamanin kamfanin Elder Dempster yana da manyan jirage uku masu kai mutane da wasiƙu tsakanin Ikko da Libaful, sunayensu Accra da Apapa da Aureol. Sukan tsaya a Takoradi ta ƙasar Gana, wadda ta sami mulkin kai a watan Maris na shekarar, da Firitawun ta Saliyo, da birnin Las Falmas, su isa cikin mako biyu. Ɗaya daga cikinsu ne ke tsaye a bakin kwata. Tsawonsa ya fi filin ƙwallo, tsayinsa ya fi kowane bene da suka taɓa gani, jikinsa duk ƙarfe. Malam ya nuna wa yaron ƙananan jiragen ceto da ke rataye a gefe, ya gaya masa akwai na'urar waya a ciki wadda ke magana da tudu dare da rana. Yaron yana kallo, bai ce uffan ba.

Suna nan tsaye sai wani tsohon maigadi ya ji Hausa, ya matso ya ce, "Samari, daga ina?" Suka gaisa. Ashe tsohon soja ne, mutumin Arewa, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama a 1944. Malam ya ce, "Baba, ga ɗanka za shi Ingila, ruwa yake jin tsoro. Ni ma haka."

Tsoho ya yi dariya ya ce, "Wanda bai ji tsoronsa ba mahaukaci ne. Ni kwana uku na yi ina amai, na ce a mai da ni gida ko a harbe ni. Ba zan ruɗe ka ba, ɗana, ruwa yana cin mutane. Amma 'yan'uwanmu da muka baro a can, a tudu suka kwanta, ba a ruwa ba. Inda aka rubuta wa mutum nan zai tarar." Ya ci gaba da ba su labari, har ya zo kan dawowarsu a 1946, ya ce ta Bahar Maliya suka biyo.

Dogo ya ce, "Baba, ka ga Bahar Maliya da idonka?"

Ya ce, "Na gan ta. Da muka zo daidai Jidda limaminmu ya tara mu a saman jirgi, ya ce ga ƙasa mai tsarki can gabas. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a ga duk alhazan da suka kwanta a ruwan nan, na da da na gaba, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba."

Yaron ya ce, "Ashe ana yi musu addu'a?"

Tsoho ya ce, "Ana yi, ɗana. Jirgi cike da mu muka ce amin."

Dogo ya juya baya ya yi kuka, irin kukan da ya daɗe a ciki. Ba wanda ya hana shi. Da ya gama ya share fuska, ya cire faffaɗar hularsa ta sikawut, ya zaro takarda daga bayan fatar da ke zagaye da cikinta, ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya ce, "Malam, ka gafarta mini." Malam ya ce, "Allah ya gafarta mana duka. Mu yi sauri, azahar ta kusa." Da suka isa ya ajiye takardar a gaban shugaban ayari ya ce an gan ta. Shugaba ya ce, "A ina?" Malam ya ce, "A inda aka ajiye ta." Daga ranar jakar fata ba ta sake barin kafaɗarsa ba.

Kashegari suka hau. Jirgi ya yi kuka, aka kwance igiyoyi, ƙasa ta fara ja da baya. Malam ya ƙirga, Auta ya ce, "Takwas, Malam!" Da suka fita bakin mashiga jirgi ya fara tangaɗi, wanda ya fara kwantawa cikin ayarin Arewa shi ne malamin labarin ƙasa. Kwana biyu bai ɗaga kai ba. Dogo ne ya riƙe masa buta, shi ne kuma ya riƙa ƙirga yara safe da yamma yana kawo masa labari.

Sun isa lafiya, sun ga taron mutum fiye da 30,000 daga ƙasashe fiye da 80, sun sha ruwan sama har ya shiga tantuna, 'yan Arewa suna cewa ashe Turawa ma suna da damina. Da suka dawo suka tarar an naɗa Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Ministan Nijeriya na farko. A tashar Zariya iyaye suka karɓi yara bakwai. Na takwas Malam ya raka shi har ƙofar gida. Tsohuwa ta fito, ta shafa kan jikanta da kafaɗunsa, kamar mai duba ko an rage wani abu. Malam ya kama hannun yaron ya sa a cikin nata, ya ce, "Iya, ga amanarki." Ta ce, "Ka cika ɗa. Allah ya ba ka masu riƙe maka naka."

Zamani ya sake. Jiragen nan na ruwa sun daina ɗaukar fasinja zuwa Ingila tun 1974, tafiyar mako biyu ta koma ta awa shida ko bakwai a jirgin sama. An daina lamba, gama an kawar da agana daga duniya a 1980, ko da yake ƙasashe da yawa suna neman takardar allurar shawara har yanzu. Yaro yana iya magana da uwarsa ta waya kowace rana daga ko'ina. Duk da haka kowace shekara akwai malamai maza da mata da ke tsayawa a filin jirgi da 'ya'yan mutane a bayansu. Wanda aka ɗora wa wannan kaya ya riƙe takardu a jikinsa, kada ya ba kowa. Ya ƙirga yaransa a kowace tasha, ko da za su yi masa dariya. Ya je gidajensu tun kafin tafiya, in tsohuwa ta faɗi maganar da bai gane ba ya zauna ya tambaya, ko da mota za ta bar shi. Ya lura da mai kuka, ya kuma lura da wanda bai yi kuka ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.